Wainar Gefen Gabas

Kowace unguwa a Dutsin-Ma tana da nata masanin komai, mu kuwa namu shi ne Malam Rabe, wanda muke ce wa An-Gama. Ba mu muka ƙaga masa sunan ba, bakinsa ne ya raɗa masa. In famfo ya lalace, sai ya naɗe hannun riga ya ce, "An gama!" In akuya ta kasa haihuwa, nan ma an gama. Famfon ba ya ƙara kawo ruwa, akuyar kuwa sai a nemo wuƙa da gaggawa. Mu da muke masa dariya ba mu fi shi wayo ba, tunda gobe in wani abu ya lalace mu ne za mu sake aikawa a kira shi.

Abu guda ne ya taɓa rufe wa Rabe baki, shi ne Ƙaramar Sallar bara. Ɗansa Abdullatif, mai aiki a Kaduna, ya zo gida da matarsa Sumayya da 'yarsu Mardiya, jikar Rabe ta fari, wadda yake kira amaryarsa. Sumayya tana da wata lalura da likitoci ke ce wa siliyak. Cikinta ba ya shiri da alkama ko kaɗan. Shinkafa da gero da dawa da masara duk lafiya lau, amma in ƙurar fulawa ta shiga abincinta, ta kwanta ke nan. An yi wa Rabe bayani, ya ce wannan sanabe ne irin na mazauna birni. Ranar Sallah ya aika mata da alkaki har ɗaki, da saƙon cewa Baba ya ce a cinye. Sumayya 'yar Kurfi ce mai kunya, ba za ta iya mayar da kwanon uban miji ba ko da guba ce a ciki. Ta cinye. A gadon asibiti ta ƙarasa bikin Sallah ana ƙara mata ruwa, Mardiya tana tsala kuka a bakin ƙofa.

To bana, azumi ya yi nisa, sai Abdullatif ya bugo waya. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito da abin da ke bakinsa. A Kurfi za su sauka, gidan mahaifin Sumayya, Alhaji Lawal. Ranar Sallah za su leƙo su gaishe da mutan gida, su juya ba tare da sun ci komai ba.

Maganar ta soki Rabe har cikin rai. Shekara guda yana tanadin ranar da Mardiya za ta haye masa cinya ta ja masa gemu, yanzu a ce leƙowa za a yi kamar masu kai gaisuwar mutuwa.

"Kai, Abdullatif, a gidan ubanka za ka kwana," in ji Rabe. "Mi ɗiyar tawa Sumayya ta fi so?"

"Waina, Baba. Amma ba ta samun wadda ta yarda da ita. Wasu suna ƙara fulawa a ƙullun. Ko ba su ƙara ba, injin da aka yi markaɗen yana niƙa alkama. Ko mai ɗaya aka soya da fanke, ko ludayi ɗaya aka sa..."

"Shi ke nan matsalar? An gama!"

Kafin la'asar duk majalisarmu ta ji cewa Rabe zai samo wainar da ko a mafarki ba ta taɓa ganin alkama ba, da kayan ƙwalama iri-iri, kuma surukarsa za ta ci ta yi ƙiba a gidansa mutanen Kurfi suna kallo. Muka ce Allah ya taimaka, muka gyara zama.

Da kayan ƙwalamar ya fara. Ya shiga babban shago a bakin kasuwa ya ce a ba shi biskit marar alkama.

"Baba, biskit ai alkama ce aka sa wa riga," in ji mai shagon.

"Kai dai sayarwa ka iya. Matsa in duba da kaina."

Ya manta tabarau a gida, don haka ya bi hotuna. Ya ga wani kwali da zanen zangarniya, ya ce ga shinkafa ƙiri-ƙiri, ya ɗauko katan guda. Da ya iso gida matarsa Kande ta ɗaga kwalin ta dube shi.

"Malam, tun yaushe shinkafa ta fara gashin baki? Wagga ai alkama ce."

"Na sani. Gwada ki nike."

Mu muka sha shayin buɗa-baki da biskit ɗin har kwana uku, kuma babu wanda ya ce a mayar.

Daga nan ya koma kan masu waina, waɗanda ke kafa tanda da yamma saboda masu azumi. Ya ce zai yi musu tambayar tarko. Ya je wa ta farko da fara'a ya ce, "Hajiya, kina dai sa fulawa ko?" Ta ce har da ƙari take sawa, don ita ba ta yi wa masu saye rowa. Ya je wa ta biyu ya murtuke fuska ya ce, "Ba ki sa fulawa ko?" Ta ce mi ya haɗa ta da fulawa, alhali a kan buhunta take zaune. Haka muke a garin nan, ba ma son ɓata wa mai saye rai, amsar da fuskarka ta nema ita za a ba ka. Rabe ya zaga tanda-tanda yana sauya fuska, har ya dawo kan ta farko bai gane ta ba, ta rantse masa ita ko warin fulawa ba ta so.

Sai wani ya ba shi labarin Inna, wata tsohuwa a Kurfi, ta hanyar Tamawa, wadda ke yin wainar shinkafa zalla irin ta mutanen da. Washegari Rabe ya hau babur da bakin azumi, rana tana dukan ƙeyarsa. Ya sami Inna, kuma gaskiya ne ba ta sa fulawa. Yana cikin hamdala sai ya ga ta tsoma ludayi a kaskon da fanke ke soyuwa, ta ɗebo mai ta zuba a tandar waina.

"Subhanallahi! Inna, kin kashe mini suruka!"

"Wace suruka? Ni na san ta?"

"Man ga ya taɓa alkama! Ki zubar da shi, ki sayi sabuwar tanda, ki wanke hannu, ni zan tsaya in nuna miki yadda ake yi."

Inna ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ɗan nan, ina toya waina uwarka tana goye da kai. In saye za ka yi, miƙo kwano. In wa'azi ka zo yi, ga masallaci can."

Ya ce shi ba ya jayayya da tsofaffi. Ta ɗaga ludayi, ya tuna ya bar babur a rana.

Babur ɗin kuwa, duk faɗin garin Kurfi bai ga wurin mutuwa ba sai ƙofar shagon Alhaji Lawal. Rabe ya so ya sunkuyar da kai ya tura ya wuce, amma Alhaji ya riga ya gan shi. Alhaji Lawal mutum ne marar hayaniya, kuma tun Sallar bara gaisuwarsa da Rabe ba ta wuce lafiya lau.

"Malam Rabe, lahiya da rana tsaka?"

"Lahiya lau, Alhaji. Rangadin masu waina nika yi. Naku na Kurfi duk sun faɗi jarrabawa."

"Allah sarki. Ai da ka hutar da kanka. Uwar Sumayya ta san abin da take ci, a nan za ta yi Sallah."

"Alhaji, ni da hannuna zan toya. In an sauko Idi ka kawo su da kanka, ka zauna ka gani da idonka. In ka ga abin shakka ko ƙanƙani, ka ɗauki ɗiyarka da jikata ka juya, ba zan ce uffan ba."

"Ka taɓa toya waina?"

"An gama, Alhaji."

Alhaji ya ce to, Allah shi kai mu. Ya sa aka duba babur ɗin, aka tarar mai ne ya ƙare.

Ranar jajibere Rabe ya sayo sabuwar tanda da sabon ludayi da sabbin samiru, ya jiƙa shinkafa a sabon bokiti. Kande tana murza cincin a tsakar gida, sai ya ɗebo toka ya ja layi tun daga bakin rijiya har ƙofar zaure.

"Daga nan zuwa can ƙasarki ce, ke da fulawarki. Nan kuwa tawa ce. Kada ki tsallako."

"Ko ka kira ni?"

"Ba zan kira ki ba."

Ya ɗauki bokiti ya nufi injin Hudu. Ranar jajibere kowa ya san yadda wurin markaɗe yake, robobi sun yi layi har bakin titi, mata suna tsaye kowa da tukunya a kan wuta a gida. Rabe ya ratsa su ya isa gaba.

"Hudu, mi ka niƙa da sahe?"

"Alkamar alkaki, Baba. Amma na ɗauraye."

"Ɗauraya ba wanki ba ce. Kashe injin."

Hudu ya ce a yi wa Allah a bari sai bayan Sallah. Rabe ya riga ya ɗauki sifana. Kwancewa dai ta yi kyau, ya fito da kayan cikin injin ya jera a kan tabarma, ya wanke su da sabulu yana yi wa matan bayanin siliyak. Wajen mayarwa aka sami saɓani. Duk yadda ya ɗaura sai wani ƙarfe ya ragu, in ya sa wannan sai wancan ya rasa wuri. Ana cikin haka wata ƙusa ta kuɓuce masa ta faɗa cikin layin robobin tattasai, ba wanda ya ga robar da ta shiga.

Gogo, maƙwabciyarsa katanga ɗaya, ita ta fara magana. "Malam Rabe, ka ce an gama mana, mu san inda dare ya yi mana."

"Saura ƙiris, Gogo."

"Ƙiris ɗin nan tun azahar yake. Da mi za mu yi miyar Sallah, da bayaninka?"

Ya miƙa hannu zai laluba robar wata mata neman ƙusar, ta buge hannun da murfi. Daga nan aka rasa wadda ta fara. Mu dai daga majalisa mun ga Rabe ya wuce da sauri rungume da bokiti, bayan rigarsa ja wur da tattasai, Hudu yana zaune a kan tabarma ya yi tagumi a gaban kayan injinsa. Rabe ya ɗaga mana hannu ya ce ya fasa ne, don inji yana rage wa waina daɗi.

Da la'asar sai unguwa ta ji ƙarar daka daga gidansa, irin dakan da ba ya tafiya daidai. Mata suka jera kawuna a kan katanga. Ga Malam Rabe da singileti, ya sayo sabon turmi, yana kirɓa jiƙaƙƙiyar shinkafa, rabi tana tsalle waje kaji suna godiya. Kande tana zaune a ƙasarta tana suyar cincin, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam, a yi maka waƙar daka?" in ji Gogo.

"Ku kalla da kyau, ba kullum ake samun darasi kyauta ba."

Sai da aka kira magariba ya gama, hannuwansa duk sun yi bororo. Ya dama ƙullu, ya tambayi iska ko yis nawa ake sawa. Kande ta ce wa kajinta ɗan kaɗan ya isa. Rabe ya ce ɗan kaɗan na matsorata ne, ya juye duk abin da ya sayo.

Da aka dawo sallar asuba ya tarar ƙullun ya ture murfi, ya gangaro, ya tsallake layin toka ya shiga ƙasar Kande ba izini. Ya kwashi abin da ya rage a tukunyar, ya haɗa wuta kamar zai gasa rago, ya fara zubawa. Zubin farko ya fito baƙi ƙirin. Na biyu ya fi na farko baƙi. Rabe ya waiga hagu da dama, ya tattara su cikin sabuwar samira ya rufe, ya yi sanɗa ya tura ƙarƙashin gadonsa, ya fito yana gyaran murya.

"Da ni ce," in ji Kande tana kallon sama, "da na zare itace."

"Abin da nike shirin yi ke nan."

"Da kuma na bari gefen ya yi ja kafin in juya."

"Kin cika gaggawa, ai yanzu zan yi hakan."

Da haka, Kande tana magana da sama Rabe yana riga ta sani, waina ta fara fitowa fara tas mai jan baki. Gaskiya ta yi kyau, ba za mu ci amanarsa ba. Kande ta ce ya manta albasa. Ya ce da gangan ne, wainar lafiya ba ta son hayaniya.

Da a ce Rabe ya rufe wainar nan ya zauna ya jira baƙinsa, da ba mu da labari. Amma mutumin da unguwa ta yi wa dariya jiya ba zai iya barin unguwa ta kwana ba ta ga nasararsa ba. Ana saukowa Idi ya cika kwanuka, ya ce ba zai aiki kowa ba, shi zai kai abincin Sallah da ƙafarsa. Ya bi gida-gida yana sallama, yana buɗe murfi, yana cewa a ɗanɗana wainar da likita zai sa wa hannu. Ko gidan Hudu bai tsallake ba.

To a garin nan ba a mayar da kwano wayam ranar Sallah. Kowane gida aka juye tasa aka cika masa da tasu, kuma duk layin waina aka yi, don matan sun kai markaɗensu wata unguwa. Rabe ya dawo da kaya niƙi-niƙi. Ya leƙa babban farantin da ya tanada don baƙi, ya ga tasa wainar ta koma 'yar tsibi a tsakiya, abin kunya a ajiye gaban mutumin Kurfi.

Nan dabara ta zo masa. Ya tattara tasa a gefen gabas, ya juye ta maƙwabta a gefen yamma, faranti ya yi tozo. Ya ce a ransa in an zo zubawa, shi zai ɗebar wa Sumayya daga gabas, sauran jama'a su ci yamma, kowa ya tashi lafiya.

Sai ga ƙahon mota. Rabe ya ɗora farantin a ka don a gan shi da shi. Ya juya ya shiga zaure, ya juya ya fita, ya juya ya gaishe da Alhaji Lawal, ya juya ya amsa gaisuwar Abdullatif. Mardiya ta sheƙo ta rungume masa ƙafa, ya yi juyi biyu da ita yana cewa ga amarya ta zo. Sumayya ta durƙusa ta gaishe shi kanta a ƙasa, ta shige ɗaki wurin Kande. Alhaji kuwa bai kashe motar ba sai da ya juya ta ta fuskanci hanyar Kurfi.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, muka shigo taya cin abinci, don ba a gayyace mu ba amma ba a hana mu ba. Rabe ya sauke faranti a tsakiya, Kande ta kawo miyar taushe da daddawa zalla.

"Duk wannan kai ka toya?" in ji Alhaji.

"Da hannun ga. Dubi bororo."

"Duka?"

"Har ta ƙarshe."

Ya ɗauko kwanon Sumayya, ya duƙa kan faranti. Ya dubi alƙibla, ya dubi waina. Farantin zagayayye ne, ba hannu ba alama, kuma waina duk uwarsu ɗaya. Gabas tana nan inda Allah ya ajiye ta, amma gabas ɗin faranti ta bi juyi ta tafi. Gumi ya karyo masa. Ya juya farantin kaɗan, ya mayar, ya sunsuna.

"Baba, lahiya?" in ji Abdullatif.

"Masu kyau nike zaɓar mata."

Ya yi bismilla ya ɗebi gefen da zuciyarsa ta fi kwanciya da shi, ya miƙa wa Kande.

"Malam Rabe," in ji Alhaji a hankali, "ka san ɗiyar nan ba za ta mayar da kwanonka ba. Ka tabbata?"

Duk zauren ya zuba masa ido. Rabe ya buɗe baki, kuma abin da ya saba fitowa shi ya fito.

"An gama."

Kande ta shiga da kwano. Rabe ya zauna, Mardiya ta haye cinyarsa ta kama gemu. Don ya nuna natsuwa sai ya ɗauki waina ɗaya daga daidai ramin da ya ɗebar wa Sumayya, ya gatsa. Haƙorinsa ya sauka a kan albasa. Ba ƙaramar albasa ba, irin manyan yankan nan na Gogo, ga laushi ga danƙo irin na ƙullun da ya sha fulawa. Shekara da shekaru yana cin wainar Gogo, ko a cikin barci ya san ta.

Lomar ta tsaya masa a baki. Zai iya yin shiru. Wataƙila ta Gogo ɗaya ce ta ɓata hanya, wataƙila kwanon Sumayya duk tasa ce. In ya yi magana, ga Alhaji, ga mu, ga mota tana kallon Kurfi. Mardiya ta ja gemun tana dariya, sai ya tuna yadda muryar nan ta dushe bara a ƙofar ɗakin asibiti tana kiran uwarta. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya dire yarinyar a cinyar Alhaji ya zabura. Ƙafarsa ta dama ta faɗa cikin miyar taushe, hula ta tsaya a ƙofar zaure, babbar riga ta kama ƙusa ta yage. Bai tsaya ba. Ya ratsa tsakar gida yana ihu, "Kada ki ci! Ɗiyata, kada ki ci!" Ya banka labulen ɗakin da surukarsa take ciki ba sallama, abin da ba a taɓa jin dattijo ya yi ba a layinmu.

Sumayya tana zaune bakin gado. Ta ɓara waina biyu, ta ga danƙon, kuma ta san abin da ta gani. Duk da haka ta ɗaga rabin zuwa baki, don Baba ne ya aiko. Rabe ya kaɗe hannun, waina ta yi sama, kwano ya kife.

Kafin ya juyo tsakar gida ta cika. Mu mun biyo baya, Alhaji yana ɗauke da Mardiya, mata sun jera kawuna a katanga kamar jiya.

"Ba tawa ba ce," in ji Rabe, miya tana ɗiga daga ƙafar wandonsa. "Tawa na rabar a unguwa don a yaba mini. Wagga ta maƙwabta ce na haɗa don faranti ya cika. Na ajiye tawa a gabas, gabas ɗin ta ɓace."

"In mai albasa ce tawa ce!" in ji Gogo daga katanga. "Fulawa gwangwani guda na zuba, shi ya sa ta yi laushi!"

"Ba a tambaye ki ba, Gogo."

Ya ce a kawo farantin a ɓara su ɗaya-ɗaya a ware marasa albasa. Abdullatif ya ce, "Baba, ai duk sun sha man juna." Ba wanda ya yi dariya, ko mu. Alhaji Lawal ya zaro makullin mota daga aljihu.

"Malam Rabe, kai ka faɗi sharaɗi da bakinka. Sumayya, ɗauko mayafinki."

Rabe ya tsaya takalmi ɗaya a ƙafa, ya dubi Mardiya, bai ce uffan ba kamar yadda ya yi alkawari. Wallahi ya ba mu tausayi.

"Malam," in ji Kande, "samirar nan da ka tura ƙarƙashin gado da asuba fa? Ko ita ma gabas ɗinta ta ɓace?"

"Wace samira?"

"Sabuwa, mai murfi. Wadda ba ta je gidan kowa ba."

Rabe ya dubi katanga, ya dubi Alhaji. Ya wanke hannu a bakin rijiya, ya shiga ɗaki, muka ji yana jan ciki a ƙasa. Ya fito da samira ya buɗe a gaban jama'a. Ga su nan a jere, baƙaƙe ƙirin kamar gawayi, wasu sun manne da juna.

"Wagga ita ce tawa," ya ce da ƙaramar murya. "Ba ta taɓa komai ba sai wuta. Wutar ce dai ta taɓa ta da yawa."

Gogo ta fashe da dariya, katanga ta ɗauka. Sumayya ta fito daga ɗaki. Ba mayafi ta ɗauko ba. Ta durƙusa ta karɓi samirar da hannu biyu, ta zauna nan bakin ƙofa, ita da ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban surukinta ba. Ta kankare baƙin da farce, ta yi bismilla, ta ci. Muna jin ƙarar tauna daga inda muke. Ta ci ta biyu, ta ɓara ta uku ta ba Mardiya, Mardiya ta tofar.

Alhaji ya daɗe yana kallon ɗiyarsa. Sannan ya mayar da makulli aljihu, ya ce wa Abdullatif ya fito da jakunkunansu daga mota, ya tambaya ko da sauran miyar da ba a taka ba.

Sumayya ta goge hannu, kanta a ƙasa, ta yi wa surukinta magana mafi tsawo tun da aka kawo ta gidan.

"Baba, ta yi daɗi. Baɗi dai a rage wuta kaɗan."

Rabe ya ji kalmar baɗi. Ya ɗaga ƙirji, ya buɗe baki, mu duka muka shirya jin abin da muka saba. Sai ya dubi samirar, ya share ido da yagaggen hannun riga.

"In Allah ya kai mu, ɗiyata," ya ce.